Filin Likitan Dabbobi: Duna Ya Fara Kasa Tashi Da Safe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na yi ritaya, ina zaune a Barnawa cikin garin Kaduna. Ina da kare mai gadi, irin na Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan, sunansa Duna. Shekararsa tara a hannuna, tun yana ɗan kwikwiyo. Tun hunturun bara na lura in gari ya waye sai ya daɗe yana kokawa kafin ya miƙe, ƙafafun baya kamar ba nasa ba. In ya ɗan zazzaga gida sai jikin ya saki. Da can da jin ƙarar mota yake tsalle ya dafe ƙyaure, yanzu daga kwance yake haushi. Na je wani shagon kayan dabbobi, yaron shagon ya nuna mini wata roba mai ƙwaya 120, wai gulukosamin da kondoroyitin, naira dubu 48. Ɗana da ke Ingila ya ce kada in saya, zai aiko da wanda ya fi shi. Maƙwabcina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in riƙa ba shi dikulofenak ɗin da nake sha saboda gwiwata. Likita, kuɗin fansho ne, ba na son in zuba su a rijiya. Wace shawara zan bi?

Mai karatu daga Barnawa, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan fara da shawarar maƙwabci, domin ita ce mai kisa. Don girman Allah kada ƙwaya ɗaya ta dikulofenak ta shiga bakin Duna. Haka ibufurofen, haka duk wani maganin ciwon jiki da ke cikin durowarka. Cikin kare da ƙodarsa ba sa ɗaukar waɗannan magunguna yadda namu ke ɗauka. An taɓa kawo mini wata karya a bayan a-kori-kura, mai ita ya karɓo maganin daga wani kemis ya yi kwana biyar yana tura mata a cikin nama. Kwana biyun farko har murna yake, ta tashi tana gudu. Ranar da na gan ta, dasashinta fari fat kamar takarda, kashinta baƙi ƙirin kamar kwalta, alamar gyambon ciki ya fashe yana zubar da jini. Mun yi kwana huɗu muna ƙarin ruwa kafin ta ɗaga kai. Wannan dikulofenak ɗin shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, saboda suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har gwamnatin ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ka gaishe mini da maƙwabci, ka ce likita ta ce ya riƙe abinsa.

Abin da ka kwatanta kuwa, taurin jiki da safe wanda ke sakewa bayan an ɗan motsa, da ƙin tsalle, da tsanantar abin lokacin hunturu, duk sun yi kama da amosanin gaɓɓai. A kan kowane ƙashi inda ya haɗu da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai santsi, irin farin nan da kake gani a kan ƙashin cinyar kaza. In ya zaizaye sai gaɓar ta kumbura daga ciki, ƙashi ya fara tsiro a gefe-gefe, motsi ya zama azaba. Alseshan ya yi ƙaurin suna wajen wannan, domin da yawansu ana haifarsu da ƙugun da kan ƙashin cinya bai zauna daram a raminsa ba. Shekara da shekaru yana gogawa, sai tsufa ya zo ya tona asiri. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, kuma babu wata ƙwaya a shago ko a Ingila da za ta maido shi. Abin da muke iyawa shi ne rage ciwo da rage saurin lalacewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ban ga Duna ba, wasiƙa kawai na gani. Yau da yamma ka duba faratan ƙafafunsa na baya. In ka ga na tsakiya sun side ta sama, kamar yana jan ƙafar a ƙasa in yana tafiya, to akwai wata cutar laka da ke kama tsofaffin Alseshan, wadda ba ta da alaƙa da gaɓa, kuma maganin gaɓa ba ya yi mata komai. In kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura kusa da gwiwa ko wuyan hannu, tana da tauri da zafi, to a manyan karnuka mukan ji tsoron ciwon dajin ƙashi. Shi ya sa kuɗin farko da za ka kashe na ganin likita ne ya lallatsa gaɓoɓin, in da hali a ɗauki hoton ƙugu. Daga Kaduna zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba wata tafiya ba ce.

To mu zo kan robar dubu 48.

Gulukosamin ana yawan samo shi ne daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, kondoroyitin kuma daga guringuntsin shanu ko alade ko kifin teku. Tunanin da ya haife su mai daɗin ji ne: tunda da irin waɗannan sinadarai jiki ke gina guringuntsi, a ba kare ya ci sai gaɓa ta gyaru. Ni kaina na yi shekaru ina rubuta wa mutane su, ba zan ɓoye ba. Amma ciki ba bututu ba ne da zai ɗauki abu daga baki ya kai shi ƙugu kai tsaye. A 2022 wasu masana a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka da kyanwoyi masu amosanin gaɓɓai, suka auna su gaba ɗaya. Abin da ya fito shi ne gulukosamin da kondoroyitin ba su nuna wani tasiri wajen rage ciwo ba, har suka ba da shawarar a daina rubuta su saboda wannan. Wanda ya fito da hujja mafi ƙarfi shi ne man kifi mai omega-3.

Za ka ce to ai mutane na rantsuwa sun ga sauƙi. Sun gani ɗin, ba ƙarya suke ba, amma ga inda gizo ke saƙar. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, an ba wasu karnuka masu ɗingishi ƙwayar da babu magani a cikinta. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu karnukan suka ce sun ga sauƙi. Abin dariyar, likitocin da suka duba karnukan ma sun faɗa wannan ramin, har sun ɗan zarce masu su. Amma na'urar da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a kan ƙafa ta nuna yawancinsu suna nan yadda suke. Mutumin da ya cire dubu 48 daga fansho idonsa zai nemo masa sauƙi ko babu. Ga kuma ciwon kansa mai hawa da sauka: ka saya a tsakiyar Janairu, zafi ya shigo a Maris, kare ya warware, roba ta kwashi yabo.

Gulukosamin ba guba ba ne, in an kyauta maka shi ka ba shi ba laifi. Amma da kuɗinka, a'a.

Kafin mu je ga man kifi, akwai tambayar da ba ka amsa ba a wasiƙarka, kuma ita ce uwa uba: kilo nawa Duna yake? Ina iya cin amanar cewa bai taɓa hawa sikeli ba. Na san irin gidajenku, Baba. Hajiya ta kankare ƙanzo da sauran tuwon dare a zuba masa, jikoki su jefa masa biredi, ranar suna ko Babbar Sallah kuwa kitse da kayan ciki sai ya ture. Ga shi ya daina tsalle, wuni yake a kwance. Ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka. In sai ka danna kafin ka ji su, ko ka tsaya a kansa ka duba ka ga babu inda ciki ya tsuke kafin ƙugu, ya zama kamar turmi, to ga babban maganin nan a gidanka, kuma kyauta ne.

Kamfanin abincin karnuka na Purina ya taɓa yin wani gwaji na shekara 14 da karnuka 48 irin Labarado. Aka raba 'yan ciki ɗaya biyu-biyu, ɗaya a ba shi abinci yadda aka saba, ɗan'uwansa a rage masa kashi ɗaya cikin huɗu. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi 'yan'uwansu daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, kuma sun yi kusan shekara uku a bayansu kafin su fara buƙatar maganin gaɓɓai. Wani bincike a Jami'ar Gilasgo kuma ya gano cewa kare mai ƙiba da amosani, da zarar ya zubar da kamar kashi 6 cikin 100 na nauyinsa, ɗingishin ya fara raguwa a zahiri. Ga kare mai kilo 42, kilo biyu da rabi ke nan. Ban san wata roba a kasuwa da ke da irin wannan hujjar ba. Namijin Alseshan yawanci tsakanin kilo 30 ne zuwa 40. Ka sa wani matashi ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa rungume da Duna, a cire. In babu mai iya ɗaga shi, sikelin masu awon hatsi ya isa. Daga nan a samu kwano ɗaya na awo, a rage kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake ci, a hana ciye-ciyen tsakani. Wannan yaƙin da mutanen gida za ka yi shi, ba da kare ba. Sauran miya ma a daina zuba masa, domin albasa tana lalata jinin kare.

Yanzu man kifi, kuma a nan ne 'yan kasuwa ke yi wa mutane wayo. A gaban roba za ka ga an rubuta 1000 mg da manyan haruffa. Wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Juya bayan robar ka nemi layi biyu, EPA da DHA, nau'o'in omega-3 ɗin da ke cikin man, su ne masu rage kumburi. A kafso na gama-gari za ka tarar EPA 180, DHA 120, jimla 300 kacal. Don amosanin gaɓɓai mukan nemi kamar 70 zuwa 100 mg na EPA da DHA a haɗe ga kowane kilo na nauyin kare a rana. In Duna kilo 40 ne, yana neman wajen 3000 mg, wato kafso goma na irin wancan kullum. Mai ba da ƙwaya ɗaya a rana yana jiran mu'ujiza, shi da wanda bai ba da komai ba kusan ɗaya suke. Shi ya sa in za ka kwatanta farashi kada ka ƙirga ƙwayoyi, ƙirga EPA da DHA. Akwai masu ƙarfi da kafso ɗaya ke ɗauke da ninki biyu ko fiye, akwai kuma na ruwa a kwalba da ake matsawa a kan abinci, wanda ya fi sauƙi ga babban kare.

A fara da kashi ɗaya cikin huɗu na wancan adadin a riƙa ƙarawa duk mako, in ba haka ba gudawa za ta sa Hajiya ta kore ku kai da karen. Kada a sayi man hantar kifi, wanda ake ba yara, domin bitamin A da D sun yi yawa a cikinsa, in aka ba da shi da wannan yawan sai ya zama illa. Kuma mai ba ya shiri da zafi. Robar da ta yi wata shida a kanta tana shan ranar Afrilu, ka fasa kafso ɗaya ka sansana. In warin ya bugi hanci kamar ruɓaɓɓen kifi, mayar musu da kayansu. A gida a ajiye a firji, in babu wuta a nemi wuri mai sanyi da duhu, ko kusa da randa.

Akwai kuma hanyar kasuwar kifi. Titus da shawa da sadin duk kifaye ne masu mai, giram 100 na titus yakan ba da fiye da giram 1 na EPA da DHA. A dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, a cire ƙaya, a sa a madadin wani ɓangare na tuwon, ba ƙari a kansa ba. In aka ɗora kifi a kan abin da yake ci yanzu, ƙiba ta ƙaru, tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Duk abin da za ka saya a roba, a nan gida ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata hatimin murfi bai ɓalle ba. Ka sani kuma irin waɗannan kayan ƙarin abinci, ko a Amurka ba a tilasta wa masu yin su kawo hujjar cewa suna warkarwa kafin su shiga kasuwa, ba kamar magani na gaske ba. Shi ya sa kwali ke iya ɗaukar hoton kare yana tsalle ya yi alkawarin duniya. Na Amurka akwai wani tambari ruwan ɗorawa na NASC, ƙungiyar masu yin irin waɗannan kaya na dabbobi, da ke nuna an binciki yadda masana'antar ke aiki. Yana nufin tsafta da gaskiyar lakabi, ba ya nufin abin zai yi magani. Na mutane kuma, musamman na taunawa masu zaƙi, a karanta bayansu da kyau saboda zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, wanda ake rubutawa da harafin X a farko. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana faɗar da sukarin jinin kare ya taɓa hanta.

Ban ce man kifi zai wadatar ba. Kare da ke kokawa kafin ya tashi yana cikin ciwo ne yau, man kifi kuwa sai ya yi wata ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa. Akwai magungunan ciwo da aka yi musamman don karnuka, irin su melokzikam da karfurofen, waɗanda ake sayarwa da sunaye kamar Metacam da Rimadyl. Su ne ke tayar da kare cikin 'yan kwanaki. Amma a shekarun Duna sai likita ya gwada jini ya ga lafiyar ƙoda da hanta tukuna, kuma shi zai yanka adadin. Dalili ke nan: melokzikam na yau da kullum ga kare 0.1 mg ne a kowane kilo, wato 4 mg ga mai kilo 40, alhali ƙwayar mutane ta kemis 7.5 ce ko 15. Ka ga mai ba da ƙwaya guda ya ninka kusan sau biyu ko sau huɗu bai sani ba. Ba a haɗa su da magungunan kumburi irin su furedinisolon ko dekza, ba a ba da su ga karen da ke amai ko ya ƙi abinci.

Ɗanka na Ingila wataƙila ya ji labarin Librela, allurar wata-wata ta ciwon gaɓɓan karnuka da aka amince da ita a Turai a 2020, a Amurka a 2023. Tana taimakon karnuka da yawa, amma likita ke yin ta, kuma sai a firji take zama, ba kayan da za a cusa a akwati a biyo jirgi da su ba ne. Ka ce masa Allah ya yi albarka, ya aiko da man kifi mai ƙarfi, ko mafi sauƙi ya turo kuɗin hoto da gwajin jini.

Sauran aikin na tsakar gida ne. A ɗauke shi daga kan siminti, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu; tsohuwar katifa a cikin buhu ta isa, a lungun da iska ba ta bugawa. In akwai tayil inda yake wucewa a shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet, santsi na sa shi ɗari-ɗari yana ƙanƙame jiki. A yanke farata. Kada a ɗaure shi wuni guda, gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take, naman cinya kuma ya zube. Tafiya ta minti 15 safe da yamma, a hankali, kullum, ta fi doguwar tafiya sau ɗaya a mako. Kai ma gwiwarka za ta gode.

Gobe da asuba, kafin ka canza komai, ka sa jikanka ya ɗauki bidiyon Duna da waya yana tashi daga kwance, ku ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka. A maimaita duk ranar Juma'a a lokaci guda, a rubuta tare da nauyinsa. Bayan wata biyu ka aiko mini da lambobin.

TAMBAYA

Likita, ni mafarauci ne daga wajen Ningi. Karena ɗan gida ne, shekararsa uku, ba a taɓa tsere masa ba a daji. Mako biyu ke nan yana ɗingishi, yau wannan ƙafa gobe waccan, ya rame, ba ya cin abinci sosai. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, in nemi ƙwayoyin gaɓɓai na Turawa.

Mai karatu daga Ningi, Jihar Bauci

AMSA

Malam, ajiye kuɗinka. Kare ɗan shekara uku, siriri, mai gudu, ba shi ne amosanin tsufa ke kamawa ba, kuma amosani ba ya yawo daga ƙafa zuwa ƙafa yana hana cin abinci. Buɗe kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka duba kaska, ka ɗaga leɓensa ka ga ko dasashin ya yi fari ko rawaya. Kaska na ɗauke da cututtukan jini da ke kawo zazzaɓi da rama da ciwon gaɓoɓi, kuma karnukan farauta su suka fi kwasar su. Wannan ɗigon jini ake dubawa a madubin likita, maganinsa kuma daban ne, wani sai an yi kusan wata ana sha ba fashi. Ka kai shi ofishin likitan dabbobi mafi kusa cikin makon nan, kada ka jira kasuwa ta zagayo. Sauran karnukan da kuke fita tare su ma a yi musu maganin kaska, a kuma fesa inda suke kwana, domin a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai.